Babu Wanda Ya Taimake Ni

A shekararmu ta ƙarshe a jami'a, nan Lafia, akwai wani kwas da ake kira Operating Systems, mu kuma muna ce masa O.S. In ba ka san shi ba kar ka damu, ni da na zauna masa sau biyu ma ba wani sani na yi masa ba. A taƙaice dai shi ne ɗan kamashon cikin kwamfuta. Ka san yadda ake yi a tasha, wace mota ce a kan lodi, wace ce za ta jira, wa ya shigo layi ta bayan fage a kore shi. To shi ke nan aikinsa. Kwas ne na dole, kuma a zangon ƙarshe aka ajiye mana shi kamar tarko. In ka faɗi, abokanka su tafi bautar ƙasa, kai ka dawo baɗi ka zauna da ƙannenka suna ce maka "senior man" suna dariya ƙasa-ƙasa.

Wadda ke koyar da shi wata mata ce, Dokta muke ce mata. 'Yar siririya, gajera, ba ta ɗaga murya, amma in ta shigo aji ko fanka sai ta rage gudu. Ranar farko ba ta koyar da komai ba. Takarda ta raba mana, shafi biyu gaba da baya, dokokin kwas zalla. Ta sa kowa ya karanta, ya sa hannu, ya yage ƙasan ya miƙa mata. Ko babana da ya kama shago a kasuwa bai sa hannu a takarda mai tsawon wannan ba.

In ta shigo da minti goma, ƙofa ta rufu, ko kai ne ɗan gwamna. Aiki ya makara kwana ɗaya a yanke maki, ya kai kwana uku ka riƙe abinka ka naɗe ƙosai da shi. "An ɗauke wuta" ba uzuri ba ne, don ta ce duk garin aka ɗauke wa, ba kai kaɗai ba. "Kakata ta rasu" kuwa sai da shaida, wai ta taɓa yin ɗalibin da ya binne kaka biyar a zango ɗaya. Duk wannan mun saba, dariya kawai muka yi.

Doka ta bakwai ce ba mu taɓa jin irinta ba. A saman kowane aiki da za ka miƙa akwai layi guda. A kan layin nan za ka rubuta sunan duk wanda ya taimake ka, da abin da ya yi maka. Ta ce taimako ba laifi ba ne, ɓoye shi ne laifi. A taimaka da baki, amma ba a sa hannu a kibod ɗin wani a rubuta masa. Wanda ya kwafi aikin wani, ko ya ɓoye wanda ya taimake shi, F ce, kwas ɗin gaba ɗaya, babu roƙo, babu turo kawu.

Ni dai da na karanta sai na yi murmushi. Na ce yau Allah ya kawo ranar da za a san waye waye a ajin nan.

Don ka gane, ni ne mai laftop mafi kyau a ajin. Babana wayoyi da caja yake sayarwa a kasuwa, a shagon na tashi, tun ina sakandare nake yi wa mutane filashin waya ina tura musu fina-finai. Injiniya ake ce min. Gaskiya ni na raɗa wa kaina, amma ai ya bi ni. Cajata ta zaga ajin nan fiye da takardar atendans. Duk wanda datarsa ta ƙare, ni ne. Wanda kwamfutarsa ta ƙi tashi, ni ne zan zo in danna nan in danna can, in ta tashi in ce aikina ne, in ba ta tashi ba in ce bod ya ƙone. Na ƙaddara sunana zai cika layin nan har Dokta ta gaji da ganinsa.

Sai kuma ga abokina, mutumin Agyaragu. Ɗan manomin doya, dogo, baƙi, mai tafin hannu kamar bayan tukunya. Tun aji ɗaya muke tare. Ba shi da laftop, wayarsa ma sai an ɗaure ta da roba take caji. Da biro yake rubuta furogiram a littafin rubutu mai layi, irin na 'yan firamare, ya zauna ya zuba masa ido yana motsa baki, sai ka ji ya ce, "A'a, nan zai maƙale." Mutum yana kunna furogiram a cikin kansa, ba wuta, ba batir! In ya gama sai ya biyo ni gida da la'asar, ya zauna a barandarmu ya buga a laftop ɗina, furogiram ɗin ya tashi lafiya lau, ko tari ba ya yi. Hausarsa irin ta kasuwar nan ce, mace da namiji duk "ya" ne a wurinsa. Mamata kuwa ta ɗauke shi ɗa. Duk sanda ya je gida sai ya dawo mata da doya, ita kuma in ta zuba tuwo nasa ya fi nawa nama. Na yi magana sau ɗaya, ta ce ni wace doya na taɓa kawo mata.

Da aka tara aikin farko a hannun kilas ref, wato wakilin ajinmu, na je na ce bari in taya shi jerawa. Ƙarya nake, layin nake son dubawa. Takarda ta farko, sunan mutumin Agyaragu. Ta biyu, shi. Ta uku, shi. "Ya yi min bayani." "Ya nuna min inda na yi kuskure." Kamar ana ƙirga ƙuri'a a mazaɓar da ɗan takara ɗaya ne. Na bi takardun nan har ƙasa, na juya su, na sake bi. Sunana ko da kuskuren biro babu. Tasa takardar ma ban gan ta ba, don shi kullum tun kafin ranar yake kai wa Dokta ofis, wai kar ruwan sama ya tare shi.

Na tare wata yarinya da ta kwana uku da cajata.

"Ke, ba ki ga layin nan ba ne? Ina sunana?"

"In rubuta me, Injiniya? Ya ba ni caja?"

"Caja ba taimako ba ce? Da me kika kunna kwamfutar, da yawu?"

"To bari in sa mai janareton unguwarmu ma, da mai keken da ya kawo ni."

Wani kuma har awara na saya masa a bakin get, da yaji da kabeji, muka yi da shi zai sa sunana a aiki na biyu. Ya cinye, ya lashe leda, ya je ya rubuta mutumin Agyaragu. Da na tuhume shi sai ya ce, "Oga, Dokta fa tana kiran wanda aka rubuta ta yi masa tambaya. Rufa maka asiri na yi."

Abin da ya ƙarasa ni shi ne ranar da Dokta ta tsaya tsakiyar lakca ta ce akwai wani suna da take gani a takardu har ta fara mafarkinsa, mai sunan ya miƙe. Ya miƙe yana sosa ƙeya kamar an kama shi da kazar maƙwabta. Aji ya ɗauki tafi. Daga ranar ya zama Farfesa. Ni ma na tafa, amma da yatsu biyu. A raina ina cewa, Farfesan da in na rufe laftop ɗina yau, gobe sai dai ya miƙa wa Dokta littafin 'yan firamare.

Ban daina ba shi laftop ba, kar ka ɗauka. Amma na fara sa fasawod ina canzawa, don kawai ya ce, "Injiniya, zo ka buɗe min." Wannan kiran ne abincina.

Sai babban aikin kwas ya zo. Dokta ta ce kowa ya rubuta ɗan ƙaramin furogiram da zai raba lokaci tsakanin ayyuka da yawa, bi da bi, kar wani ya danne wani. Sati uku ta ba mu. Na yi sati biyu da rabi ina gaya wa mutane abin nan wasan yara ne. Da na zauna na rubuta nawa, aikin farko ya shiga ya kame kujera ya ƙi tashi, kamar shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa. Sauran suna layi har laftop ya yi zafin da za a iya gasa masara a kansa.

Mutumin Agyaragu ya zo da la'asar zai buga nasa. Ya leƙa nawa, ya yi dariya.

"Injiniya, ba ka san gayya ba ne?"

"Wace gayya kuma? Ni ɗan kasuwa ne."

"A ƙauye, in lokacin huɗar doya ya yi, muna haɗuwa. Yau gonarka, gobe nawa, jibi na wancan. In rana ya faɗi ba a gama naka ba, ba za mu kwana a wurinka ba. Ka koma bayan layi, sai an zagayo. Kai a naka babu faɗuwar rana. Shi ya sa mutum ɗaya ya riƙe kowa."

Na gane maganar gona sarai. Yadda za a mayar da ita furogiram ne ban gane ba. Ya yi bayani sau uku, ina gyaɗa kai kamar ƙadangare, babu abin da ke shiga. Na tura masa laftop.

"Kai dai gyara min kawai."

"Dokta ya ce ba a taɓa kibod ɗin wani."

"Kibod ɗin wa kake taɓawa kullum? Na babanka?"

Maganar ta yi nauyi, na sani, da gangan na ɗora mata dutse. Ya ja laftop ɗin, ni kuma na shiga ciki na ɗauko mana abinci. Kafin in fito ya rubuta fiye da rabi. Wurin da ake raba lokacin ma "gayya" ya sa masa suna, kamar yadda ya sa a nasa. Na kunna, abu ya tafi sumul, kowane aiki na shiga yana fita kamar masu ladabi.

"Ka sa sunana a layi fa," ya ce yana wanke hannu. "Ka ce na yi maka bayani."

"Haba Farfesa, sai ka faɗa?"

Ranar miƙawa na tsaya a shagon furintin da biro a hannu. Layin nan yana kallona ina kallonsa. Na ce yanzu duk ajin nan sun rubuta shi, ni ma in rubuta shi? Ni Injiniya? A laftop ɗina, a barandar gidanmu, da tuwon mamata a cikinsa? Wato ƙuri'a ɗaya da ta rage a akwati ita ma a ba shi? Wallahi hannuna ne ya ƙi. Na rubuta da manyan baƙaƙe: babu wanda ya taimake ni. Har na ja layi a ƙarƙashi.

Ranar Alhamis ta sati na gaba, bayan lakca, Dokta ta ce ni da shi mu same ta a ofis. Takardunmu biyu na kan tebur gefe da gefe, ta zagaye wurare da jan biro kamar an yanka kaza a kai.

"Rabin aikin nan ɗaya ne," ta ce. "Har sunan da kuka sa wa abubuwa. Ni ba boka ba ce, takarda nake bi."

Ta ɗauki tasa ta karanta layinsa. Sunana ne a wurin. Cikakke, har da na babana. Ya rubuta: ya ba ni laftop ɗinsa, kuma a gidansu na yi aikin, mun tattauna tare.

"Haka yake rubutawa a kowane aiki tun farkon zango," ta ce.

Ka ji fa. Ni ina can ina sayen awara, ashe sunana na kwance a ofishin Dokta tun ranar farko, a takardar da ta fi kowace maki.

Ta ɗauki tawa ta karanta. Ta ajiye.

"Laftop naka. Gida naku. Shi ya ce ka taimake shi, kai ka ce babu wanda ya taimake ka. To a takarda, wa ya kwafi wa?" Ta juya wurinsa. "Kana da magana?"

Ya kalle ni. Ba harara ba, kallo kawai, irin na wanda ya ba ka hanya yana jira ka wuce. Ni kuwa na sami wata kalanda a bango na shiga karanta ta kamar za a yi min jarrabawa a kai.

"Ma, I no get anything to talk," ya ce.

"To doka ta bakwai. Ranar Litinin zan tura sakamako. Kafin nan ƙofata a buɗe take ga duk mai magana." Ta kalle ni ta saman tabarau. "Kai kuma tunda kai ne mai aikin, Litinin za ka fito ka yi wa aji bayaninsa."

Yanzu nan ne ya kamata in ce maka na fito ofis zuciyata na ƙuna. Ƙarya ne. Kafin mu kai bakin get labari ya riga mu, kilas ref ya ji ta taga. "Ashe Injiniya ne ke bayan Farfesa!" "Ashe shi ne injin, wancan bodi ne kawai!" Yarinyar caja ta zo da kanta tana cewa in duba mata wani abu. Mai cin awara ya ce shi dama ya daɗe yana zargi. Ranar Juma'a na shiga makaranta da sabuwar shadda, ina tafiya kamar ƙasa ta ci min bashi. Shekara huɗu ina jiran wannan rana. Daɗinta kuwa, ba zan ɓoye maka ba, ya fi na rake.

Sai dai in na juya ba na ganinsa. Kujerarsa ta gefen taga babu kowa. Na ce wa kaina ai Dokta ba za ta kayar da shi da gaske ba, tsoratarwa ce. Na kuma ce ai shi ya sa hannu a kibod, ni ban riƙe masa yatsu ba. In kana neman hujja a ranka, ta fi tumatir arha ranar kasuwa.

Lahadi da rana, bayan an taso coci, ina baranda na buɗe furogiram ɗin ina kallonsa kamar rubutun likita, sai ga shi ya shigo da doya uku a buhu da littafinsa a hammata. Mama ta fito da murna.

"Ɗana na Agyaragu! Kwana biyu ina ka shiga? Ka rame fa."

"Na je gida ne, Mama. Suna gaishe ki."

Ta ɗauki doya ta shige. Ya ja benci ya zauna, ya tattara marafan kwalba daga ƙasa ya jera su biyar a gabana.

"Zauna in koya maka. Gobe za ka tsaya gaban mutane."

Na rasa inda zan sa idona. Na ce, "Kai ba ka jin haushi ne?"

"Ina ji mana. Tun Alhamis abinci ba ya wuce min."

"To me ya sa ba ka faɗa mata ba?"

"In ce me? Laftop naka ne. Wa zai yarda? Kuma da wane baki zan zo in ci tuwon Mama bayan na kai ɗansa ƙara?" Ya gyara wani marfi da yatsa. "Na gaya wa Baba wataƙila zan ƙara shekara. Ƙanwata ne ya shiga ɗaki yana kuka. Ka san a gidanmu ɗaya bayan ɗaya ne, rumbun ba ya ɗaukar biyu. Shekara biyu yana jira in gama ya shiga."

Na san yarinyar. Ita ke ɗaure mana gyaɗa a leda duk sanda na raka shi gida.

"Ni ba zan roƙe ka ba, Injiniya. Bakinka ne, ka yi yadda ka ga dama da shi. Amma aikin nan mai kyau ne. In za ka tsaya da shi gaban aji, kar ka je ka zubar masa da mutunci. Wannan marfin shi ne gona na farko. Kalli nan."

Awa uku muna abu ɗaya. Marfi ya shiga, rana ta faɗi, marfi ya koma baya. Ya tambaye ni, in kuskure, ya ce, "Kai, kanka kamar ƙasar da ba a taɓa huɗa ba," mu sake. Kuma abin haushi, a ranar na gane. Karon farko a rayuwata na gane O.S. tsaf. Ina zaune ina kallonsa ina jin wani sabon kishi da ban san da shi ba. Da kansa kawai nake kishi, yanzu har da halinsa. Mutum ya fi ka ƙwaƙwalwa, ya zo kuma ya fi ka zuciya, a barandar gidanku? Ina laifin ya zage ni, in samu abin riƙewa?

Mama ta kawo abinci. Nasa ya fi nawa nama. Na ja kwanona na ci.

Litinin aji ya cika har da waɗanda ba su taɓa zuwa ba. Dokta ta miƙa min maka, alƙalamin rubutu a allo, ta koma baya ta zauna. A al'adarta, duk mai yin bayani a allo sai ya ja layin nan a sama tukuna, kamar a takarda. Na ja layi, na bar shi haka, na fara.

Kai, ranar na yi magana! Dama baki ai gadona ne. Na zana gonaki biyar, na kawo rana na faɗar da ita, na mayar da mutum bayan layi. Na sa musu barkwanci, aji na dariya. Dokta ta jefo tambaya, in aiki ya gama kafin lokacinsa ya cika fa? Na amsa. Ta ce me ya sa na kira wurin gayya? Na ba ta labarin huɗar doya kamar a kan kunya aka yanke min cibiya, ni da ban san ta inda ake riƙe garma ba. Ta gyaɗa kai ta rubuta wani abu. Shi ke nan, na haye. Babu wanda zai iya kama ni, ko ita.

Aka fara tafi. Na duba gefen taga, yana nan, kuma shi ne ya fi kowa tafawa, da waɗannan hannayen nasa masu ƙarar faranti. Ba ni yake kallo ba, allon yake kallo, yana murmushi kamar wanda ɗansa ya yi na ɗaya.

Wannan tafin ne ya ɓata min komai. Shekara huɗu ina nemansa, ya zo, kuma ko ɗaya ba nawa ba ne, har wanda yake yi min da hannunsa. Na tsaya da maka a hannu. Na tuna ƙanwarsa a ɗaki tana kuka. Na tuna kaina a aji baɗi, ana ce min senior man. Wallahi na biyun ya fi tsorata ni, kar ka ɗauke ni waliyyi. Ƙafata ta yi taku ɗaya zuwa kujera. Sai na juya, na je saman allo, na rubuta sunansa a kan layin. Harafin farko ya fito kamar ƙugiya. A gaba na ƙara: shi ya rubuta rabi, shi ya koya min sauran jiya.

Tafi ya mutu kamar an ɗauke wuta. Daga baya wani ya ce, "Chai, Injiniya!" Mai cin awara ne, na gane muryar. Shi dama ya daɗe yana zargi.

Dokta ta taso a hankali ta tsaya tana karanta allon.

"Ka san abin da wannan ke nufi?"

"Na sani, Ma."

"Da ka yi shiru ka tsira. Ba ni da wata hujja."

"Na sani, Ma. Kar ki ƙara faɗa, zan iya gogewa."

Ita ma sai da gefen bakinta ya motsa. Amma doka ta bakwai ba ta san dariya ba. Na roƙa, na ce ai na faɗi gaskiya. Ta ce gaskiyar ta makara kwana goma sha ɗaya, kuma na san dokar makara. F ta ba ni, mai kyau, tsayayya. Shi kuma ta yanke masa rabin makin aikin saboda ya sa hannu a kibod ɗina. Ka san me mugun ya ci duk da haka? A.

A bakin get ya tsaya yana ta juya littafinsa.

"Injiniya, na gode."

"Kar ka gode min. Kuma kar ka kuskura ka rubuta wannan a wani layi."

Babana ya yi sati bai amsa gaisuwata ba. Mama da ta ji dukan labarin, ta kalle ni ta ce gara da na faɗa, sannan ta tambaya ko yaron ya ci abinci. Yaron, ba ni ba.

Da shekara ta zagayo na dawo. Aji ɗaya, fanka ɗaya, Dokta ta raba takarda. Doka ta bakwai ta ƙaru da layi biyu: ba da aron laftop ma taimako ne, mai bayarwa da mai karɓa duk su rubuta juna. Yaran suka sa mata suna dokar Injiniya. To ka ga dai a ƙarshe sunana ya shiga kwas ɗin, ta ƙofar baya.

Shi kuwa ya tafi bautar ƙasa, ya turo hoto da kaki da farin takalmi. Mama ta sa aka wanko shi, ta kafa a falo kusa da na aurenta. Ni da aka haifa a gidan, hotona ɗaya ne, na ranar suna, kuma a cikin durowa yake. Sati na uku da komawa ina bakin get ina cin awara ni kaɗai, sai na ji an ce, "Senior man, ina wuni." Na juyo a fusace, sai ga ƙanwarsa da fayil ɗin sababbin ɗalibai a ƙirji da ledar gyaɗa, wai yayanta ya ce ta kawo min. Sashenmu aka ba ta. Ba ta da laftop.

Babban aikin shekarar da kaina na rubuta shi, kowane harafi, na kira shi a waya sau biyu kawai. Da na zo layin, na rubuta sunansa, ƙanana-ƙanana yadda sai Dokta ta sa tabarau. C na samu. Da na gaya masa ya yi ta ihu a waya kamar an ba ni kujerar gwamna, shi mai A. Har yau in na tuna ihun nan sai na ji haushi.